Mamacin Da Ya Zo Kallon Safe

Ranar nan a teburin mai shayin unguwar Karama na ji ɗayanku yana cewa sana'ata ba sana'a ba ce, wai duk mai waya a aljihu zai iya tsayawa a ƙofar silima ya tambayi mutane yadda suka ga fim. Ban tanka ba, don bakina da burodi. To yau tunda kun tako har ɗaki kuna so in koya muku, ku nemi wuri ku zauna. Shekara goma sha huɗu ina wannan tsayuwar, gwiwoyina ne shaida.

Ni ɗan Fagge ne, kuma da ɗaurin kaya na fara a unguwar Deira, nan Dubai, a ofishin wani Alhaji mai aika kago Kano. Wata rana wani mutumin Kerala ta ƙasar Indiya mai suna Basheer ya zo ɗaukar tallan ofishin. Yana neman wanda zai ɗaga masa sandar makirfo sama da kawunan mutane, ya duba ya ga duk na fi su tsawo. Na riƙe masa minti arba'in hannuna bai yi rawa ba, don hannun da ya saba da dilar shadda ba ya jin nauyin sanda. Da zai tafi ya ce, "Garba bhai, ran Juma'a kana da aiki?" Na ce ba ni da shi. Daga ranar na zama yaronsa, ina ce masa Ikka, wato Yaya da yarensu.

Na zo da tunanin duk Indiya ɗaya ce, irin wadda muka taso muna gani a silimun Kano, ana rawa a kan dutse. Ashe mutanen Kerala daban suke. Yarensu Malayalam, kuma a fim ɗinsu sai ka ga jarumi da tumbi, ɗaure da zane a ƙugu, yana cin shinkafa da kifi da hannu. Sun cika Dubai, daga likita har mai wankin mota. Idan sabon fim ya fito, kafin azahar 'yan uwansu na gida suna so su ji abin da 'yan Dubai suka ce. Mu ne muke ɗaukar wannan ra'ayin mu sa a tashar Ikka ta intanet, masu rarraba fim su sallame mu.

Shekara biyu Ikka bai bar ni na taɓa kyamara ba. Sanda kawai, da abin ji na kunne, da hular makirfo mai gashi da muke kira kyanwa, wadda take tare iskar esi. Batir uku, ɗaya a jiki, biyu a aljihun hagu. A jikin rikoda akwai wata 'yar allura mai haske da take tsalle idan mutum ya yi magana. Ikka ya ce in riƙa kallonta fiye da fuskar mai maganar. Ta haka na koyi yarensu, ta kunne, kafin in san ma'anar kalma na san nauyinta.

Ga abin da waya ba za ta koya muku ba. Waɗanda suka fara fitowa kada ku tare su, banɗaki za su ko wurin mota. Samarin da suka fito suna ihun "adipoli", wato ya haɗu, ku ɗauki biyu ku bar sauran, don ko farin bango aka nuna musu haka za su ce. Wanda ya ce "kollam", wato ba laifi, ku dubi wuyansa. In ya kaɗa kai da sauri ya ji daɗi, in ya kaɗa a hankali yana jin haushin kuɗin tikitinsa. Mai ra'ayi na gaskiya a ƙarshe yake fitowa, yana tafe yana laluben aljihu kamar ya yar da wani abu. Shi ba a tambayarsa. Ka miƙa makirfo, ka rufe bakinka, ka ƙirga biyar a zuci.

Masu rarraba fim yabo kawai suke so, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ikka yana yanke suka idan ta yi yawa. Amma yana da doka ɗaya: ba a ɗaukar amsar mutum a liƙa ta a tambayar da ba ita aka yi masa ba. Ya taɓa korar wani mai yi mana editin a kan haka, ranar ce na gaji kujerarsa.

Sai shekarar korona. Aka rufe silimu, ƙofar da muke ci a bakinta aka sa mata sarƙa. Ikka ya koma raba kayan miya a mota. Ni kuwa na koma Deira ina ɗaukar bidiyon atamfa da takalma ina tura wa 'yan kasuwar Kano da suka kasa zuwa. Da aka buɗe, ba kamar da ba. Kowa da takunkumi a fuska, tsakanin kowane mutum biyu an bar kujera babu kowa, an ɗaure ta da jan zare. Idan ka leƙa zauren daga baya, sai ka ga kamar kowa ya zo da wani wanda ba a gani. Aikinmu ya ƙara wuya, don rabin ra'ayi a baki yake, bakin kuma an rufe.

A lokacin ne aka kawo fim ɗin da nake so in ba ku labarinsa. Fim ne na nishaɗi, na samari uku 'yan gida ɗaya da suka haɗu za su tayar da tsohuwar motar safa ta kakansu wadda ta yi shekaru a kan duwatsu. Ana dariya, ana faɗa, ana cin abinci. A tsakiya mahaifin ɗayansu ya dawo daga ƙasar Larabawa hannu rabbana, kunya ta hana shi shiga gida, ya kwana a cikin safar. Da safe 'yarsa ta gan shi, ba ta tambaye shi komai ba, ta koma ta kawo masa abinci. Daga nan komai ya daidaita, safa ta tashi, kowa ya yi murna.

Muna wata tsohuwar silima a Deira, kallon ƙarfe tara na safen Juma'a, wanda ake tashi kafin masallaci. Ra'ayi ya zo kala-kala. Wata nas ta ce daga banɗaki ta kira uwarta. Wani direba ya ce fim ya yi kyau amma ƙarar injin da aka sa ba ta irin wannan safar ba ce. Wata mata mai 'ya'ya biyu ta ce ita dai a nuna mata gidan da suruka take raba kifi ba ta ƙirga ba. Wani saurayi ya ce tsakiyar ta yi ja. Muka samu abin da muke so, Ikka ya fara naɗe waya, masu shara sun riga sun shiga zaure.

Sai na ji ƙaurin hayaƙi. Ba na sigari ba, irin na abin da ya ƙone ya daɗe da hucewa. Na waiga na ga mutum tsaye a gefena, ban ji takunsa ba, ni da abin ji a kunne wanda ko tsinken sakace ya faɗi ina ji. Siriri ne, zai kai shekara hamsin da wani abu, da farar riga wankakkiya, da takunkumi baƙi. Na miƙa masa makirfo, na ƙirga biyar.

Ya ce, "Fim ya yi kyau. Amma abincin da yarinyar ta kai ya yi yawa. Wanda ya dawo haka ba ya iya ci."

Allurar rikoda da ƙyar ta motsa. Kafin in ce ya ɗan ɗaga murya, ya juya ya bi lungun matattakala. Na tambayi mai sharar zauren, wani ɗan Nepal da muka saba, na ce wannan a ina ya zauna? Ya ce shi da ya shiga babu kowa a ciki.

Muka sa maganarsa a ƙarshen bidiyo, bayan na ƙara mata ƙarfi. A cikin sharhin da mutane suka rubuta a ƙasa akwai na wata mai suna Sajna: "Muryar baban nan kamar ta mahaifina, Allah ya ji ƙansa." Irin wannan muna gani kullum, ban kula ba.

Fim ya karɓu, mai rarrabawa ya ce mu koma sati na biyu. Aka watse, masu shara suka shiga, ƙaurin nan ya sake zuwa. Wannan karon ina kallon ƙofar zaure ban ɗauke ido ba, amma ta bayana ya ɓullo.

Ya ce, "Da uban ya yi zamansa a can bai dawo ba, da sun fi tuna shi da alheri."

Ikka ya ce masa da yarensu, "Yaya, kai ɗan wane gari ne?" Mutumin ya dube shi, ya bi lungunsa. Na lura da hannayensa. An wanke su tas, amma duk layin tafin baƙi ne kamar an zana da alƙalami.

Sati na uku ba a aike mu ba, mu muka kai kanmu. Ya zo. Ya tsaya daidai gaban kyamara, ya sa yatsa ya sauke takunkumin, ya kalli gilashin, ba ni ba, ba Ikka ba.

Ya ce, "Ina da tambaya ga wanda ya rubuta fim ɗin nan. Idan mutum ya shekara bakwai bai koma gida ba, har yanzu ana kawo masa abincin?"

Da la'asar muka sa bidiyon. Washegari da hantsi muna ɗan ofishinmu wayar Ikka ta yi ƙara, lambar Kerala. Sajna ce. Ya sa ta a lasifika. Ba ta yi kuka ba, muryarta a miƙe kamar mai karanta takarda. Ta ce sunan mahaifinta Moidu. Ta ce shekara bakwai da suka wuce gobara ta tashi a ɗakin kwanan ma'aikata, kamfanin ya aiko da gawarsa a akwati a rufe, aka ce kada a buɗe. Ta ce tana da shekara goma sha huɗu aka binne shi a bayan masallacin ƙauyensu, kuma duk Juma'a tana zuwa ta tsaya daga bakin katanga ta yi masa sallama. Sannan ta turo hoto biyu. Ɗaya dutsen kabari da sunansa. Ɗaya shi kansa yana riƙe da ita tana ƙarama. Tabon da ke gefen haɓarsa yana nan, a hoton da kuma a kwamfutata.

Ta ce, "Ku gaya min me kuka ɗauka."

Ikka mutum ne da yake yi min dariya idan na yi maganar aljanu. Ranar na ga leɓensa yana motsi, Ayatul Kursiyyu yake ja. Ya ce, "Garba bhai, goge. Khalas, shi ke nan. Goge duka." Na ce ya ba ni awa ɗaya.

Na ɗauko asalin sautin, wanda ba a taɓa ba, na sa abin ji, na ƙure ƙara har ina jin wutar fitilun silima tana zuu. Na saurari na satin farko, ba komai sai muryar. Na biyu haka. A na uku, a cikin shirun nan na ƙirga biyar kafin ya fara magana, na ji wani abu can ƙasa. Na maimaita sau shida. Na cire abin jin na ɗora wa Ikka a kai.

Na ce, "Ikka, cikinsa ne yake ƙugi. Mamaci ba ya jin yunwa."

Juma'a ta huɗu bai zo ba. Muka tsare ɗan Nepal ɗin nan a lungun matattakala, Ikka ya nuna masa hoton kabarin. Nan take ya faɗi gaskiya. Shi yake shigo da mutumin ta ƙofar baya don mutumin ba shi da takardu, yana tsoron masu gadi, ta nan kuma yake fita. Ya ce mutumin a unguwar Al Quoz yake, a wani sito da ake ɗura gawayin shisha a buhu.

Muka je ran Asabar da tsakar rana, zafi kamar a gasa gurasa a kan kwalta. Daga hasken waje muka shiga sito, na ɗauki lokaci ban ga komai ba, sai ƙura tana yawo a bakin ƙofa. Can na fara ganin idanu, bibbiyu, a jere a ƙasa. Mutane ne zaune sun yi baƙi ƙirin, sun daina aiki suna kallonmu. Ɗaya ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, sai na gane Moidu ne.

Ya ce, "Ta gani?"

Ikka ya ce, "Ta gani."

Ya kai mu bayan sito inda inuwar wata kwantena ta faɗo, muka tsuguna. Ya ce a ɗakin nan da ya ƙone akwai wani abokinsa Hamsa, wanda ya gudu daga wurin maigidansa, suke ɓoye shi, ba ya cikin lissafin masu ɗakin. Ranar shi Moidu an sallame shi daga aiki, ya tafi wani gari neman wani, ya bar walat da waya a ƙarƙashin matashi don kada a ɗauke a mota. Hamsa ya hau gadonsa saboda ya fi kusa da esi, shi ya sa aka ɗauki gawar a matsayin ta Moidu. Da ya dawo bayan kwana biyu, daga tsallaken titi ya hango ɗakin ya zama toka, ya ji wasu suna ambaton sunansa suna cewa Allah ya ji ƙansa. Ya ce ya yi niyyar tsallakawa. Sai ya ce bari ya huta tukuna. Hutun ne ya kai sati. A cikin satin ya samu labari daga nesa cewa yayyensa biyu da suka yi shekaru ba sa yi masa magana su suka ɗauki makararsa, kuma jama'ar masallaci sun ɗauki nauyin karatun Sajna.

Ya ce, "Shekara goma sha biyar ina raye a ƙasar nan ban yi mata abin da mutuwata ta yi mata a sati ɗaya ba. Sai na bar shi haka."

Ikka ya ce, "Shi Hamsa ba shi da kowa?"

Moidu ya ce yana da uwa, tsohuwa, ita kaɗai. Ya ce ya haddace lambarta tun Hamsa yana da rai. Duk farkon wata yakan ari wayar wani ya kira ta. Ba ya cewa komai. Ita ce take magana, ta ce Hamsa ka ci abinci, Hamsa akuya ta haihu, Hamsa rufin ɗaki yana yoyo. Ya saurara minti biyar ya kashe. Shekara bakwai.



Ikka ya zaro wayarsa ya miƙa masa. Ya ce, "'Yarka tana jira, amma ba ita ce farko ba. Kira tsohuwar. Yau ka yi magana."

Na kashe rikoda, na cire batir na sa a aljihu don ya gani. Ya danna lambar da baƙin yatsansa. Ta yi ƙara sau uku, aka ɗauka. Wata 'yar siririyar murya ta ce, "Hamsa? Yau ba farkon wata ba ne."

Moidu ya ce, "Umma, ba Hamsa ba ne. Sunana Moidu."

Sai ta ce, "Na sani, ɗana. Tun kira na biyu na sani. Hamsa tun yana goye ba ya iya yin shiru na minti ɗaya. Na dai ce wannan ya san inda yake, shi ya sa nake ta surutu, kada ka daina kira." Ta ja numfashi. "To yanzu gaya min, a ina yake kwance?"

Ya gaya mata sunan ƙauyen da sunan masallacin. Ta sa ya maimaita a hankali, ta ce maƙwabciyarta tana rubutawa.

Labari ya kai kunnen mai rarraba fim ɗin, ban san ta yaya ba. Ya kira Ikka yana murna, wai a haɗa bidiyo a ce fim ɗinsa ya tayar da mamaci, zai sa a kowace tasha. Ikka ya ce a'a, ya sauke bidiyo ukun daga intanet a ranar. Mutumin bai sake ba mu aiki ba, kuma shi ne babban abokin cinikinmu. Wata biyar muna ɗaukar bukukuwan aure kafin mu farfaɗo.

Komawar Moidu ba ta zo da sauƙi ba. Mutumin da takarda ta ce ya mutu, sai ya sha zirga-zirga kafin a yarda yana numfashi. Wata ƙungiyar mutanen Kerala ta tsaya masa, ya amsa tambayoyin da ya kamata ya amsa, ya kusa shekara kafin ya hau jirgi. Sajna ba ta je tarbarsa ba. Ikka ya ce min sai da ya kwana tara a gidan yayansa kafin ta shigo, kuma ba ta kawo abinci ba, tsayawa ta yi a bakin ƙofa tana kallonsa, ta juya. Daga baya dai suna magana.

Bayan wata biyu ta turo wa Ikka ɗan gajeren bidiyo da ta ɗauka da waya daga bakin katangar maƙabarta. Iska ta cinye sautin. Moidu ne a tsugune da guduma da kurfi yana kankare sunansa daga jikin dutsen. A kusa da kyamara, a wajen katangar, an ajiye wa wata 'yar tsohuwa kujerar roba, ta lulluɓe da farin mayafi, tana nuna masa da sanda inda bai goge sosai ba. A ƙasan bidiyon Sajna ta rubuta cewa tsohuwar uwar Hamsa ce, ta tare a gidansu, ɗaki ɗaya suke kwana. Ta ce shekara bakwai tana yi wa ɗan matar nan sallama duk Juma'a, ba ta ga dalilin da zai sa ta daina ba, yanzu dai su biyu suke zuwa.